Muhammadu Gado na Zugu: Jikan Katsinawa Da Ya Bar Littafi A Amurka

A cikin marubutan da suka fitar da littafi a Amurka a ƙarni na 19 akwai wani wanda da zai shigo Nima ko Mamobi a yau, da ɗan gida za mu ɗauke shi. A bangon littafinsa an rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua, wato Muhammadu Gado.

An haife shi wajen 1824 a Zugu, garin da ke arewacin ƙasar Benin ta yanzu. Zugu zango ne a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Mahaifinsa Musulmi ne ɗan kasuwa, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. Kawunsa maƙeri ne, yana da gida a Salaga. Shi kansa Gado ya taɓa zuwa Daboya, yaƙi ya rutsa da shi aka kama shi, sai da yayansa ya fanso shi.

Kamu na biyu ne bai yi sa'a ba. Yana hidimar wani sarki kusa da Zugu, wasu suka yaudare shi da giya, ya farka ya ga kansa a ɗaure. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, a 1845 aka sa shi a jirgin bayi zuwa Barazil. A Pernambuco ya yi wa wani mai gidan burodi bauta, yana talla yana shan bulala, har ya nemi halaka kansa. Daga baya wani kyaftin na jirgin ruwa a Rio ya saye shi.

A 1847 jirgin ya kai buhunan kofi New York, inda doka ta riga ta haramta bauta. Gado ya gudu, aka kama shi aka tsare, masu yaƙi da bauta suka taimaka ya tsere daga kurkuku, suka tura shi Haiti. Can ya zauna a hannun 'yan mishan, ya shiga addinin Kirista a 1848. Wannan zai sosa ran wasunmu, amma haka tarihinsa yake. Ya koma Amurka ya yi karatu a wata kwaleji a McGrawville daga 1850 zuwa 1853.

A 1854 aka buga littafinsa a Detroit, da taimakon wani Bature mai suna Samuel Moore. Kashin farko bayanin Zugu ne: kasuwa, noma, aure, sallah da azumi. Kashi na biyu labarin wahalarsa ne, musamman ƙishirwa da ƙazantar cikin jirgin bayi. Barazil ta karɓi bayi fiye da miliyan 4 daga Afirka, amma littafin Gado ne kaɗai aka sani wanda ɗan Afirka da ya yi bauta a can ya ba da labarinsa da bakinsa.

Burinsa ɗaya ne, ya tara kuɗin komawa gida ya ga mahaifiyarsa. A 1855 ya tafi Ingila yana neman hanya. Labarinsa na ƙarshe a rubuce na 1857 ne, yana Ingila bai tashi ba.

Hanyar da Gado ya bi ita ce ta kakanninmu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Karaki, Kumasi da nan Ankara, zangunanmu suka ƙara cika. Hanyar nan goro ta ɗauko, ta kuma ɗauko bayi, amma a hirar ƙofar gida labarin goron muka fi so.

Har yanzu akwai dattawa a unguwanninmu da suka ji labarin Salaga daga bakin kakanninsu. Muna roƙon matasa su zauna da su bayan sallar la'asar da biro da takarda, su rubuta sunayen garuruwa da na mutane, ɗa da bawa, da boko ko da ajami. Allah ya ba mu iko, amin.