Haƙƙin Mallaka a Dandalin YouTube da Halin Ƙananan Masu Fasaha

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hanyar kare haƙƙin mallaka a dandalin YouTube take shafar ƙananan masu fasaha, musamman masu ɗaukar waƙoƙin baka, tare da misali daga Maiduguri, inda nake koyarwa.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Tun daga 2007 YouTube yake amfani da wata manhaja mai suna Content ID. Mai haƙƙi yakan ajiye samfurin waƙarsa ko fim ɗinsa, manhajar kuma ta riƙa gwada shi da duk bidiyon da aka ɗora. In ta ji kamanni, mai haƙƙin yana iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallan da ke cikinsa. Ban da wannan, akwai takardar neman a sauke bidiyo, wadda take jawo wa mai tasha gargaɗi. Gargaɗi 3 cikin kwana 90 na iya sa a rufe tashar ɗungurungum. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta tanadi hanyar neman saukewa.

Ba a musun amfanin wannan kariya. Satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa, har masu shiri suka koma YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Manhajar murya take ji, ba ta san asali ba. Waƙar baka kuwa gado ce: yaro ya ɗauki kari da amshi daga ubangidansa, ya ƙara nasa. Ga shi kuma ba kowa ake ba damar ajiye samfuri ba, sai manyan masu haƙƙi da kamfanonin rarraba waƙoƙi. Saboda haka wanda ya riga ajiyewa shi ake fara ɗauka mai abu, ko da sauti kawai ya naɗa. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna warwatse a hannun gidajen rediyo da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Manazarcin da ya tsakuro baiti don bayyana salo yana iya cin karo da mai da'awa, alhali dokar 2022 ta yi rangwame ga nazari da koyarwa. Manhaja ba ta san niyya ba.

Wani ɗalibina ya ɗauki bikin wushe-wushe a nan Maiduguri don nazarin kirarin maroƙa masu cuɗa Hausa da Barbarci. Da ya ɗora, sai wani kamfani ya yi da'awar bidiyon, domin ana jiyo wata waƙar zamani daga lasifikar maƙwabta. Ya yi jayayya, amma mai da'awar shi ne alƙalin farko, kuma yana da kwana 30 kafin ya amsa. Da kamfanin ya dage, yaron ya ji tsoron gargaɗi, ya sauke bidiyon da kansa. Kirarin nan yanzu a wayarsa kaɗai yake.