Ko Kun Sani? Gudun Boston a Hunturu Ake Shirya Masa

Gasar gudun fanfalaki ta Boston a Amurka, wadda aka fara a 1897, ranar Litinin ta uku a cikin watan Afrilu ake yin ta. Tun da shirin gudun kilomita 42 da ɗoriya yakan ci wata huɗu zuwa biyar, mutanen yankin a tsakiyar hunturu suke fara atisaye, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, rana kuma ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar.

Ba a ƙara nisa da garaje. Masu horarwa da yawa sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon jiya, domin huhu da zuciya sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa da wahala. Sanyi kuma yana danne ƙishirwa, sai mutum ya yi ta zufa cikin rigunan ɗumi bai tuna da ruwa ba.

Yuki Kawauchi, wani ɗan Japan da a lokacin ma'aikacin gwamnati ne, shi ya kai abin maƙura. Ranar 1 ga Janairun 2018 ya yi cikakken gudun fanfalaki a garin Marshfield kusa da Boston, cikin sanyin da ya kai digiri 17 ƙasa da sifili. Da Afrilu ta zo da ruwan sama da iska mai sanyi, manyan 'yan gudu da dama suka janye a hanya, shi kuwa ya zo na ɗaya a gasar Boston cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58.