Fili Ba Ya Asara? A Sake Duba Lissafin

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanen Kinkinau da maƙwabtansu na Unguwar Mu'azu, Tudun Wada da Rigasa a Kaduna, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja: "Sayi fili ka ajiye. Ƙasa ba ta ruɓewa, fili ba ya asara." Ma'aikaci ya karɓi kuɗin sallama, shawarar da za a ba shi ke nan. Mace ta kwashi adashi ko ta karɓi tumunin takaba, ita za a faɗa mata. Ɗan kasuwa ya samu rarar ciniki, kafin ya isa gida dillali ya tare shi da labarin wani fuloti a bayan gari.

Masu wannan magana ba da ka suke yin ta ba, sun ga jiya sun ga yau. Sun ga yadda kasuwar hannun jari ta rushe a 2008 ta tafi da guminsu. Sun ga MMM a 2016 da CBEX a 2025, inda aka wayi gari babu uwa babu riba. Sun sha wuyar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da mutum yake da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a aljihu. A ɗaya gefen kuma sun ga gonakin da ke yamma da titin baifas sun zama unguwanni, sun ga yadda buɗe tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a 2016 ya ɗaga darajar filayen yankin. Wanda ya ga duk wannan, in ya ce ƙasa ta fi takarda aminci, yana da uzuri. Ni ma na yarda fili dukiya ce ta gari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar "ba ya asara", domin ita ce ke sa mutum ya rufe ido ya zuba duk abin da ya mallaka.

Mu fara da lissafin da aka fi kuskurewa. Idan aka ce fili ya tashi, da wane ma'auni aka auna? Da naira. To ita nairar a tsaye take? A 2015 dala ɗaya tana wajen naira 197 a farashin gwamnati; a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi a watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ɗauki misalin wanda ya sayi fuloti naira miliyan 1 a 2015, ya sayar miliyan 5 a 2024. A majalisa za a ce ya ninka kuɗinsa sau biyar. Amma a 2015, da buhun shinkafa yake wajen naira dubu 10, miliyan ɗayarsa za ta saya masa buhu 100. A 2024, da buhu ya haura dubu 70, miliyan biyar ɗin ba za ta kawo masa fiye da buhu saba'in da 'yan kai ba. Lambobi sun ƙaru, abin da suke saya ya ragu. Wannan asara ce, ko da ba ta zo da kuka ba. Tabbas akwai filayen da suka ninka sau goma ko fiye, masu su sun ci riba ta gaske. Amma wannan sa'ar wuri ce da lokaci, ba dokar da ta hau kan kowane fili ba.

Na biyu, maganar mallaka. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa da an biya kuɗi, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, shi ke nan ƙasa ta zama tamu har abada. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ba haka ta ce ba. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake samu shi ne izinin zama da amfani, wanda a bisa al'ada ake rubuta wa shekara 99. Gwamna yana da ikon soke izinin saboda aikin da zai amfani jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka, ba ga farashin da filin yake da shi a bakin dillalai ba. Wato mai fili fayau, wanda ya ajiye yana jiran tashi, shi ne mafi ƙarancin kariya. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. Sun ga jan fentin hukumar tsara birane ta KASUPDA a jikin katanga, sun ga rusau ɗin da ya biyo bayan shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019. Ko mutum ya goyi bayan aikin ko bai goya ba, darasin ɗaya ne: filin awon igiya da bai shiga rajistar hukumar filaye ta KADGIS ba, ko wanda ya faɗa kan hanya, magudanar ruwa ko harabar makaranta, yana iya tafiya a yini guda. Ga kuma masifar sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, da rigimar magada da ke tasowa bayan shekaru, wadda kan cinye kuɗin filin a zirga-zirgar kotu.

Na uku, darajar fili ba a cikin turɓayarsa take ba, tana cikin abin da ke kewaye da shi: zaman lafiya, hanya, ruwa, aikin yi. Su kuwa waɗannan suna canzawa. Babu garin da ya fi Kaduna sanin haka. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, jama'a da dama, Musulmi da Kirista, sun bar gidajen da suka gina da guminsu suka tsallaka kogi, wasu suka sayar a farashin da ba su taɓa zato ba, wasu suka yi musaya. Rufe masaƙun Kakuri, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya raba dubban ma'aikata da albashi, su ne kuwa masu biyan haya. A 'yan shekarun baya, satar mutane ta sa gonaki da filaye a hanyar Birnin Gwari da wasu sassan Igabi da Chikun suka zama wurin da mai su ma yake shakkar zuwa, balle mai saye. Ita kanta tashar Rigasa ta yi wata takwas babu jirgi bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris, 2022. Sannan duk damina mazauna Bashama Road da Kigo Road suna kwana da fargabar ambaliya. Fili a irin wannan wuri yakan zo da araha, amma araha ba ta ado.

Na huɗu, fili ba ya amsa kira ranar buƙata. Rashin lafiya ba ta jiran mai saye, kuɗin makaranta ma haka. Ranar da aka rubuta wa mutum tiyata ya fita neman mai sayen filinsa, kowa a layin ya san a matse yake, tayin da za a yi masa kuwa na wulaƙanci ne, sannan a cire la'ada. Kafin wannan rana ma, filin da ke kwance ba ya kawo ko sisi, sai dai ya ci: kuɗin katanga, kuɗin takardu, kuɗin ƙasa na shekara, da na mai gadi in ana tsoron 'yan kama-wuri-zauna. Abin da ya fi ciwo shi ne ɗan kasuwar da zai zare uwar kuɗinsa daga shago mai juyawa ya binne a fuloti, shago ya koma kanta babu kaya, shi kuma ya koma karɓar kaya bashi. Ya tsayar da abin da ke haihuwa kullum don abin da wataƙila zai haihu bayan shekara goma.

Me ya sa duk da haka maganar ta ƙi mutuwa? Saboda labarin wanda ya ci riba ne ake yayatawa. Wanda filinsa ya ninka zai faɗa a wurin ɗaurin aure da zaman makoki. Wanda aka damfara ko aka rushe wa harsashi yakan ce "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", ya ja bakinsa ya yi shiru. Muna jin rabin labari, muna yanke hukunci kan dukkansa.

Wani zai ce, to malam, ina za mu kai kuɗin, alhali muna gudun riba ta haram? Tambaya ce mai kyau, kuma ƙofofin halal ba su kai ƙarancin da ake zato ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kaduna na cikin garuruwa ukun da ya fara buɗe reshe. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da takardun zuba jari na sukuk a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma da naira dubu 10 ma ana iya shiga. Akwai zinare, akwai kiwo, akwai hannun jarin kamfanonin da sana'arsu halal ce, akwai ƙara jari a sana'ar da mutum ya iya, akwai koya wa ɗa aikin hannu. Ba na cewa ɗaya daga cikinsu ba ya asara. Da na faɗi haka, da na maimaita kuskuren da nake gyarawa. Sukuk ma hauhawar farashi tana cin ribarsa, dabba tana mutuwa, zinare yana sauka. Hikimar ita ce a rarraba, yadda in ɗaya ya karye sauran za su riƙe gida.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka sayi fili, saya. Amma ka je KADGIS a bincika maka matsayinsa kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Ka ziyarci wurin a watan Agusta ka ga inda ruwa yake bi. In na gado ne, ka tabbatar duk magada sun yarda a rubuce. Ka bar kuɗin da zai riƙe iyali na wasu watanni a inda hannunka zai kai cikin sauƙi, kada kuma ka taɓa jarin sana'arka. Ranar da ka tashi sayarwa, kada ka tambayi naira nawa ka samu. Ka tambayi abin da kuɗin za su saya maka a kasuwa ranar. Wannan amsar ce za ta gaya maka ko riba ka ci.