Tseren Mutum Talatin A Kan Dusar Ƙanƙara

A ƙasashen Turai masu tsananin sanyi akwai wani wasa da ake kira bayatalon, wanda ya haɗa abu biyu da ba sa ga maciji da juna, wato gudu da harbi. Mutum zai ɗaura dogayen takalman sulu a ƙafa, ya goya bindiga mai nauyin akalla kilo uku da rabi, ya yi ta sheƙa gudu a kan dusar ƙanƙara, sa'an nan ya tsaya yana haki ya auna bara. Duk shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, gwanayen wasan kan bi gari gari suna tara maki a gasar cin Kofin Duniya.

Tseren iri iri ne, amma wanda ya fi jan 'yan kallo shi ne na tashin bai ɗaya. A tseren agogo, ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan wasa, sai an gama a duba lokacin kowa. A wannan kuwa mutum talatin ake jerawa, a sake su gaba ɗaya, wanda ya fara tsallake layi shi ya ci. Ba kowa ake bari ya shiga ba: 25 na saman jerin maki ne, da biyar da suka fi yin rawar gani a wannan makon.

YADDA AKE YINSA

Nisan tseren maza kilomita 15 ne, zagaye biyar, ana tsayawa harbi sau huɗu, biyu a kwance rub da ciki, biyu a tsaye. Kowace tsayawa harsashi biyar ne da baƙaƙen idanu biyar a nisan mita 50. Faɗin idon da ake harbi a kwance milimita 45 ne, kamar lemon tsami, na tsaye kuwa milimita 115. Duk harsashin da ya kuskure, tararsa zagaye guda ne na mita 150, wanda kan ci wa mutum sakan ashirin da 'yan kai, abokan hamayya kuwa ba jiransa za su yi ba.

Saboda haka ne masana wasan kan ce a harbi na huɗu ake raba gardama. A lokacin an riga an yi gudun kilomita 12, ƙafa tana rawa, zuciya tana dakan lugude, ga abokin gaba kafaɗa da kafaɗa, kowa yana jin ƙarar bindigar ɗan'uwansa.

BOE DA FOURCADE

Kakar wasa ta 2019 zuwa 2020 ta nuna wannan sarai. Zakaru biyu ne suka haɗu: Martin Fourcade na Faransa, mai shekara 31, wanda ya ci Kofin Duniya sau bakwai a jere daga 2012 zuwa 2018, da Johannes Boe na Norwe, mai shekara 26, wanda ya ƙwace kofin a 2019.

Tseren tashin bai ɗaya na farko an yi shi ran 22 ga Disamba, 2019, a Le Grand-Bornand, wato a gidan Faransawa, amma Boe ya shiga har ɗaka ya cinye. Da sabuwar shekara ta kama, sai ya yi abin da ya ba mutane mamaki: ya ajiye bindiga ya koma gida, domin matarsa tana kan gwiwa da cikin fari. Mako biyu na gasa ya bari, tsere huɗu ke nan, a Oberhof da Ruhpolding na ƙasar Jamus. Fourcade bai yi wata-wata ba, ya cinye huɗun duka, har da tashin bai ɗaya na Oberhof ran 12 ga Janairu, 2020, ya haye saman jerin maki.

Boe ya komo fage a Pokljuka ta ƙasar Sulobeniya, inda wani Bafaranshe, Quentin Fillon Maillet, ya ci tseren ran 26 ga Janairu, shi kuma ya zo na uku. Daga nan fa sai ya murje ido. A gasar zakarun duniya da aka yi a Antholz, cikin duwatsun Italiya, ran 23 ga Fabrairu, ya harba harsashi ashirin bai kuskure ko ɗaya ba, ya ɗauki zinariya, Fillon Maillet da Emilien Jacquelin suna biye da shi. Ran 8 ga Maris kuma ya sake ci a Nove Mesto ta Jamhuriyar Cek, wannan karo ba 'yan kallo ko ɗaya, domin cutar korona ta riga ta shigo Turai. Tsere na ƙarshe da aka shirya yi a Oslo, babban birnin Norwe, soke shi aka yi saboda cutar.

Ke nan cikin tsere biyar da aka yi, Boe ya shiga huɗu ya ci uku, aka ba shi ƙaramin kofin ƙarau na tashin bai ɗaya.

MAKI BIYU KACAL

Amfanin waɗannan nasarori bai fito sosai ba sai ran 14 ga Maris a Kontiolahti ta ƙasar Finlan. A zamanin maki 60 ake ba wanda ya zo na ɗaya, kuma a lissafin babban kofi akan yafe wa kowa sakamako biyu mafi muni, abin da ya rage wa Boe asarar zaman gida. Fourcade ya riga ya ba da sanarwar cewa daga wannan tsere ya yi ritaya, ya kuwa ci shi, shekara goma daidai da ranar da ya fara cin tsere a Kofin Duniya, a wannan fili ɗin. Boe ya zo na huɗu. Da aka haɗa lissafi, Boe yana da maki 913, Fourcade 911. Da a ce na biyar ya zo, da kofin Faransa ya tafi.

Mai karatu zai ga cewa harsashi guda da ya kauce a Antholz ko Nove Mesto, in har ya mayar da Boe na biyu, ya isa ya juya wannan lissafi, domin tsakanin na ɗaya da na biyu maki shida ne. Boe ya ci gaba da wasa har zuwa Maris na 2025, lokacin da shi da wansa Tarjei suka ajiye bindigoginsu rana ɗaya a Oslo.