Makewayin zamani mai tattalin ruwa: in ya ƙi wankewa, mi za a yi?

A Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, gidaje da ma'aikatu da yawa suna da makewayi irin na zamani, wanda ake danna wa maɓalli ruwa ya zubo ya tafi da ƙazanta. Na da yakan sha lita 9 zuwa 13 a dannawa guda. Na yanzu lita 6 ne, wani ma maɓalli biyu gare shi: babba na lita 6 don bayan gida, ƙarami na lita 3 don fitsari. Kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da mai maɓalli biyu a 1980, Amurka kuma ta tilasta lita 6 daga 1994.

Amma ga kukan jama'a: wai ba shi da ƙarfi, sai an danna sau biyu ko uku. To, ina tattalin ke nan?

Abin lura shi ne, wanga makewayi da saurin ruwa yake aiki. Tilas lita shidan su zubo cif, kuma gaba ɗaya. Saboda haka kafin a kira mai gyaran pampo, a ciko bokiti a sheƙa shi cikin kaskon da sauri. In ruwan ya taso ya tsaya, hanyar ta toshe, ko ramin ƙazanta ya cika. In ya wuce sarai, laifin yana sama, wajen tanki.

A buɗe tankin a duba. Ya kamata ruwa ya kai alamar da ke jikinsa, kamar yatsa ɗaya ko biyu ƙasa da bakin tiyon ambaliya. In bai kai ba, a ɗaga robar da ke iyo bisa ruwa, a kuma tabbata pampon bango a buɗe yake duka. Sau da yawa, bayan an ɗauke ruwa an maido, rairayi yakan toshe ƴar matatar da ke mashigin tanki. A kwance ta a wanke. Ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin leɓen kasko su ma sukan cushe da farin dattin ruwa. Ruwan lemun tsami da ƴar waya sun ishe su.

Wasu sukan saka bulo cikin tanki don rage ruwa. Wannan dabarar tsohon makewayi ce. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake: mai lita 6 ba shi da rarar da za a rage. Haka tsumma, takardar siminti da ganyen shayi, waɗanda salga ke haɗiyewa ba gardama, shi ba ya iya su.

Yoyo kuwa ɓarawon dare ne, sai takardar kuɗin ruwa ta zo a gane. A zuba shuni kaɗan cikin tanki, kada a danna, a jira minti 20. In launi ya bayyana cikin kasko, robar gindin tanki ta gaji. A rufe pampo, a cire ta, a tafi da ita kanti don a samo daidai ita.