Me Ke Sa Fitilun Babbar Mota Dusashewa?

Idan fitilar babbar mota ta dusashe cikin dare, direba kan fara zargin ƙwan fitila, alhali sau da yawa ba shi da laifi. Galibin manyan motoci suna aiki ne da batir biyu masu bolt 12, waɗanda aka haɗa suka ba da 24. Wutar da ta je fitila tilas ta koma batir, kuma ƙarfen jikin motar ne hanyar komawarta. To, idan tsatsa ta ci mahaɗin waya da ƙarfen, sai turjiya ta ƙaru, wuta ta ragu, kamar yadda Georg Ohm ya bayyana a 1827. Alamar da masu gyaran waya suka fi sani ita ce, a taka birki sai fitilar sigina ta ɗan kama, domin wutar ta nemi wata hanyar. Kankare mahaɗin a ɗaure shi tam kan wadatar.

Fis mai yawan ƙonewa kuwa, yawanci wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Masu maye gurbinsa da guntun waya gobara suke gayyata. In kuma inji yana aiki amma mita bai nuna kusan bolt 28 ba, sai a duba bel da na'urar caji.