Ƙullin Ƙugiya: Kowane Zare Da Nasa

Masu fatsa a dam ɗin Guzuguzu da ke Kabo, da na yankin Gwarzo, sukan yi asarar kifi saboda ƙulli. Zaren roba santsi gare shi, ƙulli ɗaya ba ya riƙe shi.

Idan zaren siriri ne, na kamun karfasa, sai a zura shi a idon ƙugiya, a naɗa sau shida, a komo da bakinsa ta kafar da ke jikin idon. A jiƙa da yawu kafin a ja, don gogayya tana cin zare. Zare mai kauri, na tarwaɗa, naɗi huɗu ya isa.

Kifin roba kuwa, a bar masa 'yar zarge don ya riƙa rawa cikin ruwa.